"Lafiya Lau" Ta Gaisuwa Ce, Ba Ta Takarda Ba

Makon jiya mun yi zancen yaye, na kuwa gode wa waɗanda suka aiko da wasiƙu, za mu komo kansu in Allah ya yarda. Yau wata wasiƙa ce daga Ikara ta sa na jingine wancan zance.

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto. Ta ce surukarta za ta tafi Umra da azumi, ga ta da hawan jini da ciwon sukari. Ejan da ke shirya tafiyar ya ce musu akwai kuɗin inshora a cikin abin da za su biya. Tana tambaya, shin mene ne inshorar nan, kuma in tsohuwa ta kwanta ciwo a can wa zai biya? Ta ƙara da cewa maigidanta ya ce kada kowa ya ambaci ciwon, don kada a hana ta tafiya.

'Yar'uwa, kin kawo kuka gidan mutuwa. Kafin in amsa miki, bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu, gama ni ma da laifina a ciki.

Ina da goggo a wani ƙauye kusa da Hunƙuyi, a ƙasar Kudan. 'Yarta ta fari tana aure a Jamus, inda mijinta ke karatu. Da haihuwa ta matso, ba halin ta zo gida goyon ciki, sai aka ce to, Goggo ta je ta yi mata wankan jego. Ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa da Italiya ba su ba da biza sai mutum ya nuna takardar inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Saboda haka aka je wurin wani ejan ya shirya takardu. A lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai a Zariya, ina hutu, sai aka ce in raka ta.

Ejan ya buɗe fom yana tambaya yana rubutawa. Ya zo wani wuri ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, akwai wani ciwo da ke damunki?" Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan, alhamdu lillahi." Ya rubuta babu. Alhali kuwa shekararta 8 tana shan maganin hawan jini, ni ma na sani, don ni nake karɓo mata wani lokaci. Na yi shiru, ina ganin ba ladabi ba ne in gyara maganar babba a gaban baƙo. Aka zaɓi inshorar da ta fi araha, aka miƙo mana takarda shafi huɗu da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ninke na sa mata a jaka. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Goggo ta tafi da maganin wata guda, zaman kuwa na wata uku ne. Da ya ƙare ta ji nauyin surukinta, ba ta faɗa ba. Ran nan da asuba ta tashi ɗora ruwan wanka, sai ta yanke jiki ta faɗi. Kwananta 9 a asibiti. Likita ya tambayi tarihin ciwonta, aka gaya masa gaskiya, ya rubuta. Da aka aika wa kamfanin inshora takardun neman biya, sai suka amsa da cewa ba za su biya ko kwabo ba. Suka nuna shafi na uku, inda aka rubuta cewa ba ruwansu da ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Suka kuma nuna fom ɗin da aka rubuta ba ta da ciwon kome.

Surukinta ya yi ta biya kaɗan kaɗan daga ɗan kuɗin karatunsa. Mijinta kuma ya jinginar da gonarsa ta rake, kaka biyu ba a dafa mazarƙwaila a gidan ba. Goggo ta dawo da ranta, mun gode Allah, amma har yau da sanda take tafiya. In an tuna mata sai ta ce, "Ni fa gaisuwa na amsa." Gaskiyarta kuwa. Mu Hausawa ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, in ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a zaure da tsakar gida. Amma takarda ba ta san kara ba. Abin da aka rubuta mata shi take riƙewa.

To, mene ne inshora? Ku ɗauke ta kamar asusun da mata kan kafa a unguwa, kowa ta zuba kaɗan, wadda haihuwa ko rashi ya sama a ɗiba a taimaka mata. Matafiya dubbai ne ke zuba kuɗi kaɗan kaɗan a hannun kamfani. Yawancinsu za su je su dawo ƙalau. 'Yan kaɗan da tsautsayi ya faɗa wa, su ake biya wa asibiti daga abin da aka tara. Watau an kafa ta ne a kan abin da ba a san zuwansa ba, kamar karaya, ko haɗarin mota, ko zazzaɓin da ya zo farat ɗaya. Ciwon da aka riga aka sani kuwa, irin su hawan jini, da ciwon sukari, da asma, da ciwon zuciya ko na ƙoda, kamfani yana ganin ya fi kusa da tashi, don haka yake tambaya tun da fari. Haka kuma shekaru. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi in mutum ya wuce 65 ko 70, waɗansu ma suna da iyakar shekarun da ba su karɓa.

In an faɗi gaskiya, ɗayan abu uku ke faruwa. Ko su karɓa su ƙara kuɗi, ko su karɓa amma su rubuta cewa ban da wannan ciwo, ko kuma su ce ba za su iya ba, a nemi wani kamfani. Ko wanne aka samu, gida ya san inda ya tsaya tun ana nan. Amma in an ɓoye, an biya kuɗin banza ke nan, gama ran da ciwo ya tashi likitan can zai gane, kamfani kuwa da rahoton likita yake aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ce da Goggo ta faɗi gaskiya lalle wannan inshora mai araha za ta biya ba. Amma da mun san ba ta da amfani gare ta, da mun nemi wadda ta dace da ita.

Yanzu mu komo ga ƙasa mai tsarki, inda yawancin tsofaffinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan ke nufa. A nan akwai sauƙi, amma akwai abin lura. Tun shekarar 2020 hukumar Saudiyya ta haɗa kuɗin inshora a cikin kuɗin bizar Umra, shi ne abin da ejan ya gaya muku. An yi ta ne domin larurar gaggawa da haɗari a cikin kwanakin da mutum yake ƙasar. Ba a yi ta domin a je a yi jinyar tsohon ciwo ba, ba ta kuma maye gurbin maganin da tsohuwa ke sha kullum. A lokacin Hajji kuwa, asibitocin gwamnatin Saudiyya suna duba alhazai kyauta, Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa da dokar 2006, tana tafiya da likitocinta da ma'aikatan jinya. Amma kulawar likitocin Hukumar Alhazai gata ne na wanda ya bi ta hanyar hukuma da bizar Hajji.

Ku tuna abin da ya faru a Hajjin 2024. Zafi a Makka ya kai awo 51.8. Ministan lafiya na Saudiyya ya ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, watau sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. A cikinsu akwai tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo. Allah ya jiƙansu. Saboda haka duk ejan da ya ce zai kai Inna ta wata ɓarauniyar hanya da kuɗi kaɗan, ku guje shi. Araha ba ta ado.

Har wa yau, Saudiyya tana kafa sharuɗɗan lafiya. A 2022, bayan annobar korona, waɗanda ba su kai shekara 65 ba kaɗai aka yarda su yi Hajji, a 2023 aka janye wannan. A sharuɗɗan da ta fitar domin Hajjin 2026 ta ce kada a kawo mai wankin ƙoda, da mai ciwon zuciya ko huhu ko hanta da ya tsananta, da mai gigin tsufa mai tsanani, da mai tarin fuka da bai warke ba, da mai ciwon daji da ke kan magani mai ƙarfi, da mai tsohon ciki. Ku duba da kyau, hawan jini da ciwon sukari da ake shan magani suna kwance ba su cikin waɗannan. Ashe yawancin masu ɓoye ciwonsu ran gwajin maniyyata tsoron banza suke ji. Na ji ana ba tsohuwa magani ninki biyu da safen gwaji don awo ya sauka. Wannan ganganci ne, yana iya kayar da ita tun a layi. Wanda ake ruɗa kuma shi ne likitan da zai kula da ita a Mina.

Ga abin da nake ba da shawara ga duk gidan da tsoho ko tsohuwa ke shirin tafiya, ko Makka, ko ziyarar ɗa a Turai, ko fatauci a Dubai.

Na farko, a je asibiti tun da sauran wata biyu ko uku. Akwai babban asibiti a Ikara da Maƙarfi, akwai asibiti a Hunƙuyi, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Shika. A gaya wa likita inda za a da kwanakin da za a yi. A roƙe shi ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwo, da sunan kowane magani, da yadda ake shansa. A nan ne kuma za a tambayi alluran rigakafi. Mai zuwa Hajji ko Umra daga Nijeriya ana bukatar ya yi ta sanƙarau, aƙalla kwana 10 kafin isa, da ta shawara, da ɗigon shan inna.

Na biyu, sa'ad da ake cika fom, kada a bar ejan ya amsa da kansa. A faɗi kowane ciwo, da kowane magani, da duk kwanciyar asibiti da aka taɓa yi. A tabbata ya rubuta, a kuma karɓi kwafi.

Na uku, kafin a biya, a yi wa mai sayarwa tambayoyin nan, a ce ya nuna amsar a rubuce cikin takarda, ba da baki ba. In tsohon ciwon ya tashi a can, za ku biya? Nawa ne iyakar abin da za ku biya? Shekarun mai tafiya ba su wuce iyakarku ba? Ku za ku biya asibiti kai tsaye, ko mu za mu biya ku mayar mana? In likita ya ce a dawo da ita gida da mai jinya, wa zai biya jirgi? Kwana nawa takardar ke aiki? Wannan ta ƙarshe kada ku raina ta, gama jirgi kan yi jinkiri, zaman jego kuma kan zarce, takardar da ta ƙare jiya ba ta da amfani yau.

Na huɗu, a tabbata kamfanin na gaskiya ne. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanonin inshora lasisi a ƙasar nan, ita ake kai wa ƙara kuma in an yi rashin gaskiya. A karɓi takarda mai suna da lambar kamfani, da rasit. Rubutun ejan a fallen takarda ba inshora ba ne.

Na biyar, magani. A tafi da wanda zai isa dukan kwanakin, da ƙarin na mako biyu. A bar shi cikin kwalinsa na asali, kada a juye a ƙullin leda. A sa a jakar hannu, ba a babban akwati ba, don akwati kan ɓata ko ya makara. Mai allurar insulin ta sani zafi yana lalata ta, ƙanƙara ma haka, sai a tambayi likita yadda za a adana. Waɗansu magungunan kashe zafi, irin su tramadol, suna iya jawo wa mutum kamu a Saudiyya da Masar da Dubai in ba takardar likita. Mai ciwon sukari kuma da za ta yi Umra da azumi, lalle ta tambayi likita batun azumin da lokutan shan magani. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi. Akwai keken turawa, ba abin kunya ba ne a hau.

Na shida, in ciwo ya tashi a can, a buga lambar gaggawa da ke jikin takardar nan da nan, gama kamfanoni da yawa suna sharaɗin a sanar da su da wuri. A ajiye kowane rasit da kowane rahoton likita. A bar kwafin takardun duka a gida wurin wanda ya iya karatu.

Kada kuma wani ya ce ai Baba yana da katin asibiti na gwamnati. Tsarin KADCHMA na jihar Kaduna da na tarayya a asibitocin gida suke aiki. Kada a ce kuma tun da ƙasa ba ta nemi inshora kafin biza ba, to ba a bukatarta. Ingila ba ta nema ga mai ziyara, amma baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a can, kuɗin jinya ake cajinsa har da ƙarin rabi a kai. Na Amurka kuwa ba a magana.

Na san waɗansu iyayenmu za su ce inshora rashin tawakkali ce, waɗansu kuma suna ƙyamarta saboda zancen riba. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, wannan sai a tambayi malamai. Abin da zan ce shi ne, akwai tsarin da ake kira takaful, wanda aka gina a kan taimakon juna bisa ƙa'idar Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, a 2016 kuma ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Mai so sai ya tambayi irin waɗannan ko suna da tsarin matafiya. Amma ku sani, su ma za su tambayi tsohon ciwo, su ma gaskiya suke bukata. Ɓoye ciwo a asusun da jama'a suka tara cin haƙƙin sauran masu zubi ne. Tawakkali kuwa, tun muna Islamiyya aka koya mana a ɗaure raƙumi tukuna.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aiki naku ne. Iyayenku sun sayar da tumatir da barkono da rake sun sa ku makaranta, to ga ranar biya. In an kawo takarda gida, ku zauna ku karanta ta tun daga farko har ƙarshe, musamman ƙananan rubutun nan. Ku nemi wurin da aka jera abubuwan da kamfani ba ya biya, can maganar take. Abin da ya shige muku duhu ku kai wa malamarku, ko wani ma'aikacin asibiti. Sa'an nan ku fassara wa Kaka da Hausa, a hankali. Ba sai kun ƙaryata babba a gaban baƙo ba. Tun a gida za ki durƙusa ki ce, "Inna, in sun tambayi lafiya, ba gaisuwa suke yi ba, so suke su san maganin da kike sha don su kula da ke. Ki yarda in faɗa musu?" Da na yi wa Goggo haka, da watakila gonar nan ba ta shiga jingina ba.

Ke kuma 'yar'uwata ta Ikara, ga amsarki. Inshorar da ke cikin bizar Umra tana da amfani, amma ta gaggawa ce, ba ta isa a dogara da ita kaɗai ba. Ki ce ejan ya ba ku takardarta ku karanta. Ki sami maigida sa'ad da ya ci abinci ya huta, ki karanta masa wannan shafi. Ki nuna masa cewa ciwon mahaifiyarsa, in yana kwance, ba ya cikin masu hana tafiya, kuma faɗinsa shi zai sa a kula da ita. In kuwa likita ya duba ya ce jikinta ba zai ɗauka bana ba, to a yi haƙuri a yi jinya, a jira baɗi. Ɗakin Allah yana nan. Ke ce mai dafa mata abinci, ke kika san ranar da ta sha magani da ranar da ta manta, saboda haka maganarki tana da nauyi, ki faɗe ta da ladabi.

Allah ya kai iyayenmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Wadda ke da tambaya ko wani labari irin wannan ta rubuto, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan wasiƙunku na yaye.

Taku har kullum,
Malama